Wai Alminiyam Ba Ya Tsatsa?

Mai karatu, in da za a tsayar da ɗalibai a ƙofar ɗakin gwaje-gwaje na wata makarantar sakandare a tambaye su wane ƙarfe ne ba ya tsatsa, ina jin mafi yawansu za su amsa da cewa alminiyam ne, wato ƙarfen nan da Hausawa ke kira goran ruwa ko sanholo. Ba za a ga laifinsu ba, domin abin da ido ya nuna musu ke nan. Sun ga kwanon rufi ya yi ja bayan ’yan damuna, sun ga ƙusa ta ruɓe a jikin ƙyaure, amma tagar alminiyam da tukunyar girki suna nan fari tas shekara da shekaru. Amsar tasu tana iya samo musu maki a jarrabawa, sai dai rabin gaskiya ce. Akwai kuwa wani fage da wannan rabin gaskiya ke iya raba mutum da ransa, shi ne fagen masu ƙera jirgin sama da hannunsu a gida. A kansu nake son mu tattauna, domin darasin da ke cikin aikinsu ya shafe mu duka.

Masu ƙera jirgi a gareji

Wani zai yi mamaki da jin cewa mutum ɗaya zai iya haɗa jirgin sama a bayan gidansa, ya shiga ya tashi da shi. A Amurka wannan tsohuwar al’ada ce. Tun a 1953 wani matuƙin jirgi mai suna Paul Poberezny ya kafa ƙungiyar masu wannan sha’awa, wadda ake kira EAA, a birnin Milwaukee, kuma taronta na shekara-shekara a garin Oshkosh yakan tara jirage sama da 10,000. Dokar ƙasar ta yarda a yi wa irin wannan jirgi rajista muddin mai shi ne ya yi fiye da rabin aikin da kansa, don neman ilmi ko don nishaɗi.

Mafi yawan masu ƙirar ba sa farawa daga ɗanyen ƙarfe. Sukan sayi sassan jirgin a cikin akwatunan katako tare da zane da littafin bayani, su ɗinke su da dubban ƙananan ƙusoshi da ake dannewa, waɗanda makanikai ke kira ribit. Kamfanin da ya fi shahara a wannan harka shi ne Van’s Aircraft na jihar Oregon, wanda Richard VanGrunsven ya kafa, kuma jiragensa fiye da 10,000 ne mutane suka haɗa suka tashi da su. Mu ma labarin bai yi mana nisa ba. Jirgin koyon tuƙi na Air Beetle, wanda ya fara tashi a 1989, aka kuma haɗa guda 60 a Kaduna domin rundunar sojojin saman Nijeriya, asalinsa samfurin RV-6A ne na wannan kamfani, aka yi masa ’yan gyare-gyare.

Aikin haɗa irin wannan jirgi yakan ci awoyi kusan 2,000. Ga mutumin da ke da wata sana’a, wanda sai da daddare ko ranar hutu yake samun sarari, wannan shekaru ne. To a nan ne matsalarmu take samun ƙofa, domin a duk tsawon waɗannan shekaru fallayen alminiyam suna jingine a gareji, zafi da sanyi da raɓa suna bi ta kansu.

Bari mu ɗauka wani magini ya buɗe akwatin da ya ajiye tun bara, ya zaro fallen da zai rufe fiffike da shi, ya ɓare ledar da kamfani ya manna a kai don kare shi daga ƙarzuwa. Sai ya ga wasu tabo-tabo masu launin toka, da wani farin gari kamar an barbaɗa alli. In ya shafa da yatsa sai ya ji kaushi. Wannan ita ce tsatsar alminiyam. Abin da zai yi a cikin awa ɗaya mai zuwa shi zai nuna ko ya san ƙarfen da yake shirin ɗora ransa a kai. Zuciya za ta raya masa abu biyu: ko dai ya goge garin da tsumma ya fesa fenti ya wuce, ko kuma ya ɗauko samfefa da soson ƙarfe ya dirje wurin sai ya yi ƙyalli kamar madubi. Ra’ayina shi ne duka biyun kuskure ne, kuma na biyun, wanda ya fi kama da himma, yana iya fin na farkon ɓarna.

Rigar da ido ba ya gani

Kafin mu gane dalili, sai mun san abin da ya sa alminiyam ke yaudarar ido. A haƙiƙa wannan ƙarfe ya fi baƙin ƙarfe saurin haɗuwa da iskar oksijin. Da zarar an yanke shi, kafin ƙiftawar ido fuskarsa ta haɗu da iska ta yi wata ’yar fata mai tauri, wadda kaurinta bai wuce kashi 2 zuwa 4 cikin miliyan na milimita ɗaya ba. Bambancin shi ne, tsatsar baƙin ƙarfe tana kumbura tana ɓarewa, tana buɗe sabon wuri ga ruwa da iska, amma fatar alminiyam tana manne gam, ta toshe hanya, sai cin ya tsaya. Ashe ke nan alminiyam ya riga ya yi tsatsa tun kafin ya zo hannunmu, tsatsar tasa ce ta zame masa riga.

Wannan riga kuwa tana da abokan gaba. Gishiri yana huda ta, abu mai tsananin tsami yana narkar da ita, haka nan abu mai kaifi irin na kanwa ko soda. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin haka ba tare da sun shiga aji ba, domin sun san abin da ke faruwa da cikin tukunyar alminiyam in an yawaita barin miya mai gishiri da kanwa ta kwana a ciki: sai ta yi duhu, ta yi ’yan ramuka kamar zanen zanzana.

Bugu da ƙari, ƙarfen jirgi ba zallar alminiyam ba ne. Zallarsa yana da sauƙi, nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku na baƙin ƙarfe, amma ya yi laushin da ba zai ɗauki fiffike ba. A 1906 wani masani Bajamushe, Alfred Wilm, ya gano cewa in an gauraya shi da jan ƙarfe kimanin kashi 4 cikin 100, aka gasa aka tsoma a ruwa, aka bar shi ’yan kwanaki, sai ya yi ƙarfi ƙwarai. Irin wannan haɗi ne aka inganta ya zama wanda ake kira 2024, wanda ake rufe jikin ƙananan jirage da shi. Sai dai jan ƙarfen da ya ba shi ƙarfi shi ne kuma ya rage masa juriya ga tsatsa. Duk ɗalibin da ya taɓa haɗa batir a aji ya san ƙa’idar: in ƙarafa iri biyu suka haɗu, ga kuma ruwa mai gishiri a tsakaninsu, lantarki zai gudana, ɗayan ya riƙa narkewa. A cikin wannan haɗi, ƙwayoyin da ke ɗauke da jan ƙarfe da alminiyam ɗin da ke kewaye da su sukan zama dubban ƙananan batura da zarar danshi ya sauka a kansu.

Maganin da kamfanin Alcoa na Amurka ya fito da shi a 1927 shi ne a shimfiɗa siririn zallar alminiyam a fuska biyu na fallen mai ƙarfi, a matse su da zafi har su zama abu guda. Ana kiran wannan falle Alclad, kuma an fara gwada shi a jikin wani jirgin balan-balan na sojojin ruwan Amurka mai suna ZMC-2 a 1929. Shimfiɗar tana aiki biyu. Tana tare ruwa, sannan in an sami ƙarzuwa ko yanka, ita ce ke fara narkewa a madadin ƙarfen da ke ciki, kamar dogarin da ya tare wa sarki kibiya.

Garin neman gira

Yanzu sai mu yi ɗan lissafi, domin a nan ne hujjata take. Fallen da ake rufe fiffiken ƙaramin jirgi da shi sau da yawa kaurinsa bai wuce milimita 0.64 ba. Shimfiɗar zallar alminiyam da ke kowace fuska kuwa kimanin kashi 5 cikin 100 ce ta wannan kauri, wato wajen milimita 0.03. Silin gashin mutum ya fi ta kauri. Saboda haka maginin da ya ɗauko samfefa mai kaushi ya dirji tabon nan har ya yi ƙyalli, cikin ’yan daƙiƙu zai cinye shimfiɗar baki ɗaya, ya bar ƙarfen da ya fi saurin tsatsa tsirara. Idonsa zai gaya masa ya yi gyara, alhali kuwa garin neman gira ya rasa ido.

In kuwa da soson ƙarfe ko buroshin waya ya yi aikin, ɓarnar ta ninka. Ƙananan ɓurɓushin baƙin ƙarfe za su nutse a cikin alminiyam mai laushi, kowane ɗaya ya zama sabon batir, bayan ’yan watanni wurin ya fi da lalacewa. Saboda irin wannan dalili ne ma ake hana yin alama a jikin fallen jirgi da fensir, domin baƙin da ke cikin fensir yana tayar da irin wannan ci. Da alƙalamin tawada mai bakin auduga ake yin alama.

Shi kuma wanda ya goge gari ya fesa fenti, ya binne wuta ne a cikin toka. Farin garin nan yana riƙe danshi da gishiri, kuma a ƙarƙashinsa akwai ramuka waɗanda bakinsu ƙarami ne amma cikinsu na iya yin zurfi. Fenti ba ya kama irin wannan wuri da kyau. Bayan wani lokaci sai a ga tsatsa tana tafiya a ƙarƙashin fentin kamar sawun tsutsa, ko kuma ta bi tsakanin ƙwayoyin ƙarfen ta ciki har ya kumbura ya riƙa rabewa falle-falle kamar littafin da ya sha ruwa. Kowane rami kuma wuri ne da tsagewa ke iya somawa, domin fiffike yana lanƙwasa yana miƙewa dubban sau a kowace tafiya. Kowa ya san yadda waya ke karyewa in an yi ta lanƙwasa ta, kuma daga inda take da tabo take karyewa.

Abin da ya dace a yi

Hanyar da nake goyon baya ba ta da wani sirri, kuma ita ce hukumar kula da jiragen sama ta Amurka ta shimfiɗa a littattafanta na gyara. Abin da take bukata shi ne haƙuri da bin mataki bayan mataki.

Da farko a wanke wurin a cire maiƙo, sannan a duba shi a cikin haske da madubin da ke ƙara girman abu kamar sau goma, a tantance ko tabo ne kawai a sama ko ramuka ne. In tabo ne, sai a goge shi sannu a hankali da soso marar baƙin ƙarfe, irin na roba da ake kira Scotch-Brite, a tsaya da zarar garin ya fita. Manufar ita ce a cire tsatsar duka tare da cire ƙarfe mafi ƙaranci, ba a neman ƙyalli. In akwai ramuka, dole a bi su har ƙasa, a lallashe gefensu don kada a bar kaifi, sannan a auna kaurin da ya rage da ma’auni. Ƙa’idar da aka saba bi ita ce, in abin da aka rasa ya kai kashi 10 cikin 100 na kaurin fallen, to magana ta wuce gogewa, sai a tuntuɓi wanda ya zana jirgin ko a sake sashen. A falle mai kaurin milimita 0.64, wannan iyaka milimita 0.06 ce kawai. In kuwa a jikin ƙashin fiffike ne, wato dogon ƙarfen da ke ɗauke da nauyin jirgin duka, bai kamata magini ya yanke hukunci shi kaɗai ba ko da ramin ƙanƙane ne.

Bayan gogewa sai a wanke wurin da ruwan sinadari mai ɗan tsami wanda aka tanada don alminiyam, a ɗauraye sosai. Akwai gwaji mai sauƙi na sanin ko wurin ya tsabtata: in aka zuba ruwa ya bazu ya kwanta bai ɗaya, to babu maiƙo, in kuwa ya dunƙule ɗigo-ɗigo, sai a sake wankewa. Daga nan a shafa sinadarin da ke sake gina rigar kariya, wanda aka fi sani da sunan Alodine, sannan a fesa fentin shimfiɗa. Tunda an taɓa shimfiɗar asali, wannan wuri ba zai sake zama ba fenti ba. A ƙarshe a rubuta a littafin aiki: wane sashe ne, me aka gani, nawa aka cire, me aka shafa.

Fiye da duk wannan, rigakafi ya fi magani. Ledar da ke manne a jikin falle takan tara danshi a ƙarƙashinta in an daɗe ba a cire ba, haka ma takarda da kwalin da aka naɗe kaya da su in suka jiƙe. Ba a jingine falle a kan daɓen siminti. Zufar hannu tana da gishiri, fitsarin ɓera da kashin tsuntsu kuma suna cin ƙarfe. Wanda ya ajiye kayansa a busasshen wuri mai iska, bisa katako, yana kuma leƙa su lokaci-lokaci, ya yi rabin aikin.

Masu ja da wannan ra’ayi

Adalci ne in kawo maganar waɗanda ke ganin an cika zuzuta lamarin. A tsakanin masu ƙera jirgi akwai tsohuwar muhawara a kan ko ya kamata a fesa fentin shimfiɗa a cikin jirgi baki ɗaya. Masu cewa a’a suna da hujjoji masu nauyi. Suna cewa fenti nauyi ne, kuma kowane kilo da aka ƙara wa ƙaramin jirgi an rage shi ne daga man da zai ɗauka ko kayan fasinja. Suna nuna dubban ƙananan jirage da aka ƙera a masana’antu a shekarun 1960 da 1970 ba tare da fenti a ciki ba, waɗanda da yawansu suka yi shekaru hamsin suna tashi. Suna kuma tunatarwa cewa sinadaran kariya da aka fi amfani da su a da suna ɗauke da wani nau’in kuromiyam wanda aka tabbatar yana jawo ciwon daji na huhu, saboda haka mutum na iya kare jirginsa ya cuci kansa da iyalinsa.

Na yarda da kashi mai yawa na wannan magana. Ba na cewa a yi wa kowane falle wanka da fenti, kuma wanda zai taɓa sinadarin kuromiyam wajibi ne ya sa safar hannu da abin rufe hanci na gaske, ya yi aiki a wuri mai iska, kada kuma ya zubar da ragowar ruwan a kwata. Yau ma akwai wasu sinadaran da ba su kai shi guba ba. Amma a lura, hujjarsu ta tsaya ne a kan fallen da shimfiɗarsa take lafiya lau. Da zarar tsatsa ta bayyana ko an goge wuri, hujjar ta faɗi. Haka nan ba ta shafi sassan da ba su da shimfiɗar tun asali ba, kamar dogayen ƙarafa masu kusurwa da ake ƙarfafa jiki da su, ko inda baƙin ƙarfe ya taɓa alminiyam, ko inda falle ya hau kan falle aka ɗinke, domin a irin wannan matsi ne ruwa ke shiga ya kasa fita.

Sannan akwai maganar wuri. Ba banza ba sojojin saman Amurka suke ajiye dubban tsofaffin jiragensu a hamadar Arizona, inda iska take a bushe. Jirgin da zai zauna a Kano ko Damagaram bai fuskanci haɗarin wanda zai zauna a Legas ko Fatakwal ba, inda iskar teku ke ɗauke da gishiri. Duk da haka kada bushewar rani ta ruɗe mu. Ƙurar hunturu takan shige kowane lungu ta kwanta, in damina ta zo ta sha danshi ta riƙe shi a jikin ƙarfe. Saboda haka amsar da ta dace ita ce mutum ya san ƙarfensa, ya san garinsu, ya sa kariya inda ake bukatarta.

Ɗan hakin da ka raina

Ga wanda har yanzu yake ganin farin gari ƙaramin abu ne, ga misalai biyu. Ranar 28 ga Afrilu, 1988, wani jirgi samfurin Boeing 737 na kamfanin Aloha ya tashi daga Hilo zuwa Honolulu a tsibiran Hawayi da mutum 95 a ciki. Yana tafiya a tsayin ƙafa 24,000 sai rufin gabansa, mai tsawon kusan mita biyar da rabi, ya yage ya tafi da iska. Wata ma’aikaciyar jirgin ta rasa ranta, matuƙan suka yi ta maza suka sauke shi a tsibirin Maui da fasinjoji a zaune a fili. Bincike ya nuna cewa jirgin, wanda ya yi shekara 19 yana aiki a cikin iskar teku, ya kuma yi tashi da sauka sama da sau 89,000, danshi ya shiga inda fallayen jikinsa suka hau kan juna, tsatsa ta kama wurin, ƙananan tsagogi suka taso daga ramukan ƙusoshi har suka haɗe. Wannan hatsari ne ya sa majalisar dokokin Amurka ta yi dokar kula da tsofaffin jirage a 1991.

Misali na biyu daga cikin gidan masu ƙirar gida ya fito. A ƙarshen 2023 kamfanin Van’s Aircraft da muka ambata ya shiga matsalar kuɗi har ya nemi kariyar kotu a watan Disamba, kafin ya farfaɗo a 2024. Cikin dalilan da shi kansa ya bayyana akwai cewa wani ɗan kwangilarsa a ƙasar waje ya yi amfani da fentin shimfiɗa marar kyau, tsatsa ta kama sassa masu yawa da aka riga aka haɗa, dole aka zubar da su. Darasi biyu ne a nan. Fentin da ba a san ingancinsa ba yana iya zama shi ne cutar. Na biyu kuma, zubar da kaya mai tsada ya fi a rufe aibinsa a sayar. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma ban san inda wannan karin magana ya fi dacewa ba kamar a bakin filin jirgi.

Maginin gida yana cikin wani hali na musamman. Shi ne maƙeri, shi ne mai duba aikin yau da kullum, shi ne kuma zai tuƙa, wataƙila da ɗansa ko matarsa a kujerar gefe. Jami’in hukuma zai zo ya duba jirgin kafin a ba shi izinin tashi, amma ba zai iya ganin abin da aka riga aka ɗinke a cikin fiffike ba. Babu wanda ya san abin da ke wurin sai wanda ya rufe shi. Mun saba ganin yadda ake cike ruɓaɓɓen jikin mota da ƙulli a bi da fenti, ta fito tana walƙiya. Mota in ta gaza, sai a gangara gefen titi a jira makaniki. A sama babu gefen titi.

Kira ga malamai da ɗalibai

Na san kaɗan ne daga cikin masu karanta wannan mujalla za su ƙera jirgi, ko da yake wasunku za su iya samun kansu a Kwalejin Koyon Aikin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, suna koyon gyaran jirage. Amma kusan kowa zai yi hulɗa da alminiyam, a taga, a wayar lantarki, a firam ɗin faifan hasken rana, a tukunya. Saboda haka ina roƙon malaman kimiyya su daina tsayawa a kan cewa alminiyam ba ya tsatsa, su nuna wa yara yadda yake kare kansa da kuma yadda kariyar ke karyewa. Ba a bukatar kayan aiki masu tsada.

A samo guntayen alminiyam daga wurin masu haɗa tagogi, a wanke su. A sa ɗaya a kwalbar ruwa zalla, ɗaya a ruwan gishiri, ɗaya a ruwan gishiri an naɗe shi da wayar jan ƙarfe, ɗaya kuma a ruwan kanwa. A rufe, a ajiye, ɗalibai su riƙa dubawa suna rubuta abin da suka gani har mako biyu ko uku. In makaranta tana da shuɗin gishirin jan ƙarfe da ake gwaji da shi, akwai gwajin da ya fi wannan sauri. A narkar da shi a ruwa, a jefa takardar alminiyam irin ta naɗe abinci, za a ga kusan babu abin da ya faru. Sai a barbaɗa gishirin girki. Nan take ruwan zai ɗau zafi, kumfa ta taso, jan ƙarfe ya kwanta a jikin takardar tana narkewa. Wannan gwaji malami ne zai jagorance shi, da kariyar ido. Yaron da ya ga haka da idonsa ba zai sake mantawa da abin da gishiri ke yi wa rigar alminiyam ba.

Ku kuma ɗalibai, abin da nake so ku riƙe shi ne ɗabi’ar da ke bayan wannan aiki. In kun ga alamar lalacewa a jikin abu, kada ku yi saurin rufe ta, kada kuma ku afka mata da ƙarfi don a ce kun yi ƙoƙari. Ku fara tambaya: mene ne wannan, me ya kawo shi, ina ya tsaya? Ku auna, ku gyara gwargwadon bukata, ku rubuta gaskiyar abin da kuka yi domin wanda zai zo bayanku. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji masu iya magana. Wanda ya san cewa alminiyam ba ya yin jar tsatsa ya san wani abu, amma wanda zai ɗora rayukan mutane a kan falle mai kaurin da bai kai milimita ɗaya ba, wajibi ne saninsa ya wuce nan.